Tambaya da Amsa: Bargon da ya fito daga dilar gwanjo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da zannuwan gado da labule na gwanjo a Kano. Makon jiya da muka fasa dila sai na ci karo da wani bargo da ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa shida aka harhaɗa kamar saƙar zuma, ruwan hoda da kore da ruwan ƙwai, kuma ɗinkin duk na hannu ne. Yana warin ajiya, da ɗigon tsatsa a gefe guda. Ƙanena ya ce irinsa na da daraja a Amurka, maƙwabciyata kuma ta ce in jiƙa shi da omo in sayar yadda ya samu. Maganar wa zan bi? (Daga wata mai karatu a Kano)

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, don Allah ki nisanta shi da bokiti. Ni na taɓa jiƙa wani mai ja da fari da na saya shekarun baya, ban gwada rininsa ba, kafin in juya jan ya zuba ya shiga farin. Har yau yana ɗakina, kuma duk sanda na buɗe shi sai raina ya sosu, domin matar da ta ɗinka shi ta yi watanni a kansa.

Abin da ke hannunki shi ne Turawa ke ce wa kwilt. Hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai yadin baya, sannan a bi da allura a ɗinke su gaba ɗaya don kada audugar ta dunƙule. Duk wanda ya taɓa ganin lifidi a jikin doki ranar hawan sallah ya san dabarar. Zanen saƙar zuman nan kuwa sananne ne, matan Amurka na kiransa lambun furannin kaka, kuma ya yi tashe sosai a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, mata suka daina zubar da ko guntun ƙyalle. Launukan da kika lissafa ma irin na wancan zamanin ne.

Amma zane kaɗai ba ya tabbatar da shekaru, don har gobe ana ɗinka shi. Ɗinkin hannu ma haka. A shekarun 1990 an shigar da ɗimbin irin waɗannan barguna Amurka daga masana'antun Sin, ɗinkin hannu ne amma manya-manya, a warwatse, na gaggawa. Su ne suka fi yawa a dila. Haka nan in kin ga sawun keke kada ki ce sabo ne, domin Singer ya yi rajistar kekensa tun 1851. Saboda haka ga yadda ni nake duba bargo in ya shigo hannuna.

Ina fara bin bakinsa da yatsa. In akwai 'yar takardar kamfani, ko guntunta da aka yanke da almakashi, to magana ta ƙare, na masana'anta ne. In babu, sai in ɗaga shi sama wajen haske. Tsohuwar auduga takan nuna baƙaƙen ɗigo na ɓawon angurya, ga ta da nauyi, kwance luf. In kuwa cikin ya yi sakayau, yana tasowa kamar soso in kin matsa, audugar roba ce, wadda ba ta yaɗu ba sai wajen shekarun 1960. Daga nan sai in juya bayansa, kuma nan ne na fi daɗewa. A shekarun 1930 da 1940 kamfanonin fulawa da na abincin kaji a Amurka suna zuba kayansu a buhunan yadi masu furanni, saboda sun san matan karkara za su farke su su yi riguna da barguna. Ki nemi jerin ƙananan huji a layi ɗaya, sawun zaren da aka ɗinke buhun da shi, ko rubutun kamfani da ya koɗe. In kin same su, kin samu shaida mai ƙarfi. Ki kuma duba kusurwoyi huɗun, wasu matan kan ɗinka sunansu da shekara. Sai ƙa'idar da masu tara wannan kaya ba sa saɓa mata: bargo ba ya girmar ƙyallen da ya fi ƙuruciya a jikinsa. Mace na iya ajiye tsummokaran kakarta shekara 40 kafin ta haɗa su.

Batun daraja, ƙanenki yana da gaskiya, amma da sauran bayani. A 1991 an yi gwanjon wani bargo da wata Ba'amurkiya, Lucinda Ward Honstain, ta ɗinka a 1867 a kan dala 264,000. Wannan ɗaya ne tamkar da dubu, an san mai shi, ga shekara da hotunan zamanin yaƙin basasar Amurka a jikinsa. Na shekarun 1930 suna da yawa ƙwarai, kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba, kuma a can sai abu ya cika shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi na sosai. Duk da haka naki ya wuce a haɗa shi da zanen gado a yi masa kuɗi ɗaya.

Ni abin da ya ja ni ga barguna ba kuɗin ba ne. Su kansu Amurkawa sun daɗe suna ɗaukarsu kayan shimfiɗa kawai, sai a 1971 da gidan adana zane na Whitney a New York ya rataye su a bango, mutane suka tsaya suna kallo. A 2002 aka baje na matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a lanƙwasar kogin Alabama, jikokin bayi, waɗanda suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin mazajensu suna haɗawa don 'ya'yansu su samu abin rufa. A wasu ana ganin inda gwiwa ta cinye shuɗin wandon. Akwai kuma Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a Jojiya a 1837, barguna biyu nata suka rage, ɗaya a Washington ɗaya a Boston. Naki ma wata ce ta zauna ta yanka ɗaruruwan ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe bakin kowanne. Ki ƙirga ɗinki nawa ne a tsawon gaɓar yatsa, za ki san ko hannunta ya faɗa.

Warin ajiya iska ke fitar da shi. Ki shimfiɗa shi a kan tsabtataccen zane a cikin ɗaki kwana biyu ko uku, kada rana ta taɓa shi, kada ki rataye shi a igiya don nauyinsa na tsinka zare. Tsatsar ki ƙyale ta, maganin cire ta ya fi ta ɓarna. Ban da guga, ban da leda, musamman da damina, don funfuna. Ki naɗe shi a farin yadi wankakke, kada ya jingina da katako ko ƙarfen akwati, kafur ma a gefe. Duk bayan wata uku ko huɗu ki sauya ninkin. Sannan ki rubuta ranar da kika same shi da kasuwar a 'yar takarda ki ajiye tare da shi. Ki turo mini hoton gaba da baya da na kusurwa, mu duba tare kafin ki sa masa kuɗi.

TAMBAYA: Anti, ina karatu a Amurka. Na ga wani bargo a kasuwar tsofaffin kaya, na siliki da karan-miski, ƙyallayen barkatai, an bi kowace gaɓa da surfani. Sai dai silikin na marmashewa. In saya in kai wa tela? (Daga wani ɗalibi a Ohayo)

AMSA: Ɗana, irin wannan ya yi tashe a shekarun 1880, kuma na ado ne, ba a cika rufa da shi ba. Masana'antun lokacin suna jiƙa siliki da gishirin ƙarfe don ya ƙara nauyi a sikeli, shi ne yake cin zaren daga ciki, kuma babu telan da zai tsayar da shi. In kuɗin ba yawa kuma surfanin ya burge ka, saya. Masu gyara kan rufe wurin da ya marmashe da siririn raga, su ɗinka ta a gefe, ba sa cire komai. Ka ajiye shi a kwance, nesa da taga.