Amsa kan aikin sa-kai na matasa a asibitin tsoffin sojoji

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɗanki mai shekara 15 zai samu aikin sa-kai a asibitin tsoffin sojoji na VA (ma'aikatar kula da tsoffin sojoji) a nan Amurka lokacin dogon hutu, tunda likita yake son zama. Zai samu in sha Allah. 'Yata ta yi aikin hutu biyu a jere, ni nake kai ta ina ɗauko ta.

Ki fara nema da wuri, don guraben kan cika tun ba a rufe makarantu ba. Yawanci daga shekara 14 ake ɗauka. Ofishin masu sa-kai za ki tambaya, wanda aka kafa tun 1946 zamanin da Janar Omar Bradley ke shugabantar VA, yanzu ana ce masa CDCE. Akwai fom, sa hannun iyaye, gwajin tarin fuka, da horo kan riƙe sirrin majinyaci.

Sai dai ki faɗa masa tun yanzu, ko allura ba zai taɓa ba. Tura keken marasa lafiya ne daga ɗakin jira zuwa wajen hoto, nuna wa baƙi hanya, da zama da dattawan da suka daɗe a kwance. Makon farko 'yata ta dawo tana ƙunƙuni wai an mai da ita 'yar aike. Na ƙyale ta.

Zaman nan da dattawa shi ne aikin. Da yawansu Biyetnam suka je, sun haura saba'in, ga tsirarun yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da suka kai casa'in. Ƙarar bindiga ta cinye kunnuwan da yawa, saboda haka ɗanki ya tsaya ta gabansu ya yi magana a hankali. Kada ya faɗo wa mutum ta baya, kada ya taɓa kekensa sai ya sanar da shi. Kuma ko da wasa kada ya tambayi wani ko ya taɓa kashe mutum. Yara maza bakinsu na ƙaiƙayi da wannan tambayar. Wani tsoho ya yi sati uku yana buga kati da 'yata bai ce uffan kan soja ba, sai ran nan da kansa ya ciro hoton abokinsa da bai dawo ba. Ta ce ba ta san me za ta ce ba, ta yi shiru. Daidai ta yi.

Na so in damu da hijabinta, amma har wani da ya yi Iraƙi ya riƙa yi mata sallama da Larabci.

Ɗanki ya tabbata ana rubuta masa sa'o'insa kullum. Tallafin karatu na James H. Parke da na DAV, ƙungiyar tsoffin sojoji masu naƙasa, duk sai mai sa'a 100 ake dubawa.