Layin wutar lantarki ya ratsa gonarmu ta gado

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. Daga Akko ta jihar Gombe nake. Za a ratsa gonarmu ta gado da babban layin wuta, har an shafa wa mangwaro huɗu jan fenti. Ya halatta mu hana? In an biya diyya, wa ke da ita?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, amma maslahar jama'a tana gaba da ta mutum ɗaya. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Halifa ya so ya ja magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, sai Sayyidina Umar ya tilasta masa. Da Umar zai faɗaɗa masallacin Harami kuma, ya rushe gidajen waɗanda suka ƙi sayarwa, amma ya ajiye musu kuɗinsu. Saboda haka hanawa ba taku ba ce, diyya kuwa haƙƙinku ce, babu kunya a nemanta.

Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba ku damar zuwa kotu. Sai dai Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka abin da ake ƙiyastawa shi ne shuka, itatuwa da gini. Layi mai ƙarfin 330kV yana cin faɗin mita 50, na 132kV mita 30, kuma ba a gini a ƙarƙashinsu. Ranar ƙirga ku tsaya da kanku tare da mai unguwa, a lissafa kowane mangwaro, ku karɓi takarda.

Abin da nake ja muku kunne a kai: wasu da sun ji labarin diyya sai su kafa bukka da daddare, ko su dasa 'yan itatuwan jiya. Wannan ha'inci ne, kuɗinsa haramun ne, ko da jami'in ya kau da kai don a ba shi kasonsa.

Diyyar itatuwan da mahaifinku ya bari, gado ce. A raba ta bisa rabon Alƙur'ani, da 'yan'uwanku mata da matan mamacin, ba babban wa ya riƙe ba. Amfanin bana kuwa na wanda ya noma ne. Allah ne mafi sani.