Ƙasa ba ta yin sallama

Na ga saƙonka na daren jiya. Ka ce an ɗauke ka aikin haƙar kayan tarihi na mako uku a wani ƙauye, karo na farko da za ka fita ba tare da ni ba, kana tambaya: “Baba, me zan tanada don kare kaina a daji? Ko akwai maganin maciji da za ka ba ni?” Da na so in bari sai mun haɗu, don irin wannan magana a bakin rami ake yin ta. Amma ka fama mini tsohon miki, na kwana ina juyi.

Zancen ruwan sha da malafa da rigar da za ta rufe maka hannu ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda sai an gaya masa ya sha ruwa a ranar watan Maris, ya koma gida ya kama wata sana'a. Ku yaran yanzu da an ce daji sai ku ce maciji. Ni na fi shekara talatin ina wannan aiki, tun ina ɗaukar kwanon sarki a bayan maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda yana cikin leburorin da suka tono wa Bature John Sutton, masanin kayan tarihi, wuraren narka tama a yammacin Samarun Zariya a shekarun 1970. Na yi aiki a gindin Kufena, na yi a Turunku, na yi a ƙasar Nok. Abin da ya taɓa ni a duk tsawon nan, ramin da na haƙa da hannuna ne.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Wani malami mai neman digirin dakta, ba zan kama sunansa ba, ba zan ma faɗi inda ya fito ba, ya ɗauke ni heluma. Wani kufai ne a ƙetaren kogin Galma, kukoki jingim, tsingaro ko'ina kamar an shuka. Aikinmu na rani ne, kowa ya sani, daga an gama girbi zuwa kafin bazara ta yi nisa. Shi kuwa kuɗinsa sun makara, sai ƙarshen Mayu muka kafa igiya, ruwa ya riga ya sauka sau biyu. Ya zaɓi wani tudu, muka yanka mita biyu-biyu, muka riƙa sauka a hankali muna tankaɗewa da rariya. Ashe tsohon juji ne. Mai bincike ba abin da yake so irin juji, don a nan mutanen da suke zubar da duk sirrinsu: ƙashi, gawayi, fasasshen kasko, kashin maƙera. Amma juji toka ne, toka kuwa ba ta da ƙashin baya. Jar ƙasa da marmara za su tsaya maka kamar katanga, toka sai dai ta yi maka lamɓo.

Da ramin ya kai mini ƙirji na ce masa, Malam, mu buɗa bakinsa mu yanka matakala, mu kuma ja ƙasar da muke tankaɗewa baya. Ya ce buɗa baki kwana huɗu ne na kuɗin lebura, kuma zai ɓata masa bangon da yake son zanawa. Ƙasar kuwa an jibge ta dab da baki, don ba ya son ƙara yara biyu masu kwano. Akwai wani tsoho da yake zuwa kullum da yamma ya tsuguna yana kallonmu. Rannan ya nuna da sandarsa ya ce a gefen kukar nan akwai tsohuwar rijiya da kakanninsu suka cike. Malamin ya ji daɗi, ya zaro littafi ya rubuta, wai tarihin baka. Bai kawo a ransa cewa bangon ramimmu na gabas a jikin wannan cikon yake ba. Ni na kawo, na kuma faɗa, ya ce na cika tsoro.

Mun wuce mita biyu aka kwana ana ruwa. Da safe na zagaya bakin ramin yadda na saba, sai ga tsaga ta bi gefen gabas, kamar taƙi ɗaya daga baki, yatsana yana shiga. Na tsaya na kasa kunne, ina jin ƙasa na zuba kaɗan-kaɗan, shar, shar, kamar ɓera a rumbu. Na ce yau ba mai shiga. Malamin ya leƙa, sai ya hango ruwa ya wanke bakin wata tukunya can ƙasa a jikin bango, ga alama ba ta fashe ba. Jikinsa har rawa yake. Ya ce minti goma kacal, a share ta a ɗauki hoto. Na ce a'a. Ya ɗaga murya a gaban yara ya ce to me yake biyanmu, in ba za mu iya ba a garin nan akwai masu neman aiki. Sai na yi shiru. Muna bin sa kuɗin mako uku, na tuna da wannan, na kau da kai. Wannan shirun shi ne nawa laifin, kuma har in mutu ina ɗauke da shi.

Wanda ya sauka ɗan yayata ne, shekararsa 19. Ban taɓa koyar da yaro mai hannu irin nasa ba, in ya riƙe cokali da burushi sai ka ce mai aski. Ya tsuguna ke nan bangon ya taho. Ba ƙara, ba komai, wani “fuu” kawai muka ji sai ƙura. Da ta lafa, kansa da kafaɗa ɗaya muke gani. Kai da kake ɗaukar kwano ka san nauyin kwano guda. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗin mita da tsawon mita da zurfin mita ta fi tan ɗaya da rabi. Kuma mugun halinta shi ne, duk sanda mutum ya fitar da numfashi sai ta ƙara matse shi, ba ya samun wurin shaƙar wani. Wani yaro ya ruga da diga, na fizge na jefar, don da diga za ka ƙarasa wanda kake son ceta. Da hannu da kwano muka tone, ƙirji muka fara buɗewa, ina tsaye a ƙarƙashin ragowar bangon ina salati. Farcena biyu a ramin nan suka tsaya.

Mun fito da shi, cinya a karye, ƙugu ya goce. Ina mota? Malamin ya aiki direba Zariya tun asuba sayen fim ɗin kyamara da burodi. Lokacin babu wayar hannu a ƙauye. Ƙyauren ɗakin mai unguwa muka cire muka kwantar da shi, muka ɗora a amalanken shanu har bakin kwalta, sannan muka tare a-kori-kura. Sai bayan azahar muka isa asibiti. Malamin ya zo sau ɗaya, ya damƙa mini naira dubu biyu, ya ce sauran sai kuɗinsa sun fito. Yau shekara ashirin da 'yan kai kuɗin ba su fito ba. Na sayar da bijimin da nake kiwo don Babbar Sallah, na sayar da babur ɗina, na kuma biya leburori na mako ukun nan daga aljihuna, don ni na kira su, fuskata suka sani. Yaron yana nan da ransa, tela ne yanzu, yana ɗingishi. Yayata ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwata.

Daga baya wani ɗalibi ya nuna mini littafin da malamin ya rubuta. Ashe bayan mun tafi ya sa mutanen gari sun tono masa tukunyar. Shafi guda ya ba ta, ta fito sumul, ko tsagewa ba ta yi ba. Na sa aka karanta mini shafin godiya daga sama har ƙasa. Direba ma yana ciki.

To ka ji. Rami in ya wuce maka ƙugu yana neman ƙirji, a buɗa baki a yanka matakala, ko a tokare da katako. Ƙasar da aka fitar a kai ta baya aƙalla babban taku guda. Tsani a ciki, mutum ɗaya a sama wanda ba shi da aiki sai kallon bango. In an kwana ana ruwa, kai za ka fara zagaya baki kafin kowa ya ɗauki shebur. Mota ta kwana da mai, hancinta na duban hanya, ba a aikenta ko'ina muddin akwai mutum a rami. Kuma kafin ka kafa ƙusa ɗaya, a gaban shaidu, a faɗi wanda zai biya asibiti in wani abu ya faru. In mai aikin ya ɓata rai da wannan tambaya, ka ɗauki jakarka.

Sai mutanen gari. Takardar izini daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, wannan matsalar masu aikin ce, amma takarda ba ta gaisuwa. A je wurin hakimi, a sauko wurin sarkin gari da mai unguwa, a nemi mai gona da goronsa. A gaya musu dalla-dalla ba zinariya ake nema ba, a bar su su leƙa rariya su ga tsingaro da idonsu, don jita-jitar zinariya ta fi kububuwa dafi. Su suka san inda tsohuwar maƙabarta take, da inda rijiya ta bushe, da hanyar da ba a bi bayan la'asar. Zamani kuma ya canza. A watan Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig na jami'ar Frankfurt ta Jamus da abokin aikinsa a Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko, 'yan tawagar da ta fi shekara goma tana aikin Nok a yankin, kowa ya san su. Bayan 'yan kwanaki aka sako su suka koma gida. Mutum biyu 'yan yankin da suka yi ƙoƙarin kai musu ɗauki kuwa aka harbe su. Irinmu ke nan, ka lura. Saboda haka in mafarauta suka ce yau ba a shiga, ba a shiga. Wayarka kuma ka ba ta hutu. Na san halinku, ba ku iya tono ko guntun kasko sai kun ɗora a Facebook har da sunan ƙauyen, kuna yi wa ɓarayin daji kwatance kyauta.

Maganin maciji da ka tambaya, ba ni da shi, kuma wanda ya sayar maka da laya a kan haka kuɗinka ya ci. Kumurci a kan gan shi. Kububuwa ce abin tsoro, 'yar ƙarama, launin ƙasa, tana kwance ƙarƙashin dutsen da za ka ɗaga. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai yini yana cewa da sauƙi, gobe dasashi ya fara zubar da jini. Ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a sa wa gaɓar kara kamar ɗori, a ɗauke shi kada ya taka, sai asibitin da ke da allurar kashe dafin maciji. Tun kafin ku tashi ka tambayo wane asibiti ne a kusa yake da ita, don asibitin Kaltungo da kowa ke ambato kan saran maciji yana can jihar Gombe. Dutse da diga ake ɗaga shi, ka jawo shi ta wajenka don abin da ke ƙasa ya fita ta can. Takalmi a kaɗe shi da safe saboda kunama. Turaren nan da kake bulbulawa ka bar shi a gida, kogon kuka gidan zuma ne. Abin kunnen nan na jin waƙa ma kada in ji labarin ka shiga rami da shi.

Ka biyo ta gida ranar Alhamis bayan la'asar ka karɓi tsanin gora da doguwar igiyar nan, aro ne, ina son kayana. Ka taho da takalmin da ka ce ka saya in gani. In farin nan ne da kake zuwa Samaru da shi, kada ma ka shigo mini zaure.