Mai kawo labarin gari a Facebook ɗan jarida ne a idon doka?

Malam, ka ce kana wallafa labaran ƙauyukan Gwaram a Facebook, kana tambaya ko doka ta ɗauke ka ɗan jarida. A taƙaice, a'a. Dokar Majalisar 'Yan Jarida ta 1992 ta ɗaura sunan ne ga wanda ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya (NUJ) ta tantance.

Sai dai kada wannan ya karya maka gwiwa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 kowa ya ba 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma dokar samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya ka nemi takardun aikin da aka fara aka watsar.

Abin da ya fi damuna shi ne hukunci, don shi bai tambayar katin shaidar aikin jarida. Ƙarar ɓata suna da dokar laifukan intanet ta 2015 suna hawa kanka kamar kowa, ga shi ba ka da edita ko lauyan kamfani a bayanka. In ka ɗauki hoton rijiyar burtsatse da ta lalace, rubuta rana da unguwa, ka nemi jin ta bakin kansila kafin ka saki, ka kuma adana saƙon da ka tura masa.