Ku Tambaya Mu Amsa: Jan Wayar USB da ta Hoto Zuwa Nesa a Wurin Aikin Sauti

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo na ɗaukar waƙa. Ƙarar fankar kwamfuta tana shiga makirfo, don haka na mayar da kwamfutar ɗakin da ke kusa, na sayi wayar USB mai tsawon mita 15 na haɗa akwatin sautina, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, ƙirar Focusrite Scarlett. Tun daga ranar murya take ƙaras-ƙaras, wani lokaci ma akwatin ya ɓace daga kwamfutar gaba ɗaya. Akwatin ne ya lalace? Daga wani mai situdiyo, Titin Zoo, Kano.

Amsa: Malam, akwatinka lafiyarsa ƙalau, wayar ce ta wuce gona da iri. Ƙa'idar USB 2.0 ta tsaya a mita 5 ga waya zalla, wadda babu wata na'ura a cikinta. Kada bakin USB-C da ke bayan akwatin ya ruɗe ka, yawancin akwatunan sauti da USB 2.0 suke aiki ko da wane irin baki aka sa musu.

Abu uku ne suke cin ka a lokaci guda. Na farko wuta. Kwamfuta tana ba da volt 5, kuma akwati irin naka yana iya jan kusan rabin amfiya, musamman idan ka kunna volt 48 na makirfon kwandensa. Idan silin wutar da ke cikin wayar siriri ne mai lamba 28 AWG, kamar yadda aka saba gani a wayoyi masu araha, turjiyarsa ta kai kusan om 0.21 a kowace mita. Zuwa da dawowa mita 30 ke nan, wato om 6 da ɗoriya. A rabin amfiya, sama da volt 3 sun salwanta a hanya. Abin da ya isa akwatin bai kai ya riƙe shi ba, shi ya sa yake mutuwa ya farfaɗo.

Na biyu, siginar da ke gudu a megabit 480 a sakan tana dusashewa da nisa. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Idan kana kwafar fayil zuwa filash aka sami kuskure a hanya, kwamfuta tana sake turo abin da ya lalace, ba za ka ma lura ba. Sauti ba a yi masa haka. Ana tura shi ne a tsarin da takardun kaya ke kira isochronous, ƙunshi bayan ƙunshi a kan lokaci, kuma wanda ya lalace ya tafi ke nan. Kowane ƙaras da kake ji, ƙunshi ne ya faɗi. Shi ya sa filash za ta yi aiki a wannan wayar, akwatin sauti ya ƙi.

Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki tef ka auna. Sau da yawa mita 15 ɗin nan zagayen ƙofa ne. Idan ɗakunan bango ɗaya suka haɗa, a huda shi a sa ɗan bututun roba, a jingina kwamfutar da bangon ta can, sai ka ga mita 3 zuwa 5 ta wadatar. A toshe bakin hudar da soso don kada ƙarar ta biyo.

Idan hakan bai yiwu ba, shawararmu ita ce akwatin ya bi kwamfutar, a haɗa su da gajeriyar wayarsa ta asali, sannan a ja sautin kansa. Wayar makirfo ta XLR tana tafiya mita 50 har zuwa 100 ba tare da kunne ya ji bambanci ba, kuma volt 48 ɗin yana bi ta cikinta lafiya. Lasifikokin situdiyo a ja musu XLR ko jak mai zobe biyu. Jita ko fiyano mai jak mai zobe ɗaya kada ya wuce mita 5 ko 6, a sa masa akwatin DI tukuna ya mayar da shi XLR. Abin da za ka rasa shi ne maɓallan ƙara murya sun yi maka nisa, amma ƙaramar miksa a gabanka ta magance wannan.

In kuwa dole akwatin ya zauna a gabanka, nemi wayar USB 2.0 mai na'urar ƙarfafa sigina a ciki, ta mita 10 ko 15, ka sa hob, wato na'urar da ke raba bakin USB ɗaya zuwa da yawa, mai nasa adaftan wuta a ƙarshenta, akwatin ya sha wuta daga hob ɗin. Ka lura da lissafi: ƙa'ida ta yarda da hob biyar kacal a jere, kuma kowace na'urar ƙarfafawa da ke cikin wayar hob ce. Doguwa tana iya ɗauke da biyu, wasu kwamfutocin kuma suna da ɗaya a ciki. Kada ka jona kibod, maus da faifan ajiya na hard disk a kan layin akwatin, ba su nasu.

Gwaji kafin ka kira mawaƙi: fitar da sauti mai tsayayyen amo na 1 kHz daga akwatin, ka mayar da shi ta mashigarsa da gajeriyar waya, ka ɗauka na rabin awa, sannan ka zuƙo zanen sautin ka duba ko ya tsinke a wani wuri. A Windows kuma ka kashe USB selective suspend, mai ɗauke wa bakin USB wuta don tanadi, a saitin wuta.

Tambaya: Na sayi 'yan na'urori biyu da ke mayar da USB zuwa wayar intanet, an rubuta mita 60 a kwalin. Kibod da maus suna aiki, amma akwatin sauti da kyamara sun ƙi. Daga wata mai shirya shirye-shiryen rediyo, Damagaram.

Amsa: Hajiya, juya kwalin ki duba ƙananan rubutu, da wuya ba ki ga USB 1.1 ko 12 Mbps ba. Masu arahar nan kusan duk haka suke. Megabit 12 ya ishi kibod da maus har da rara, amma akwati mai layuka da yawa ko kyamara suna neman 480. Ki bar waɗannan wa kibod da maus ɗin, ba asara kika yi ba.

Ga sauti, a nemi wadda takardarta ta faɗi abu uku ƙarara: USB 2.0 a 480 Mbps, tana ɗaukar isochronous, kuma ɓangaren nesa yana da nasa adaftan wuta. Kamfanin Icron na Kanada ya yi suna da irin waɗannan, masu kai mita 100 a kan wayar intanet ta Cat5e ko Cat6, sai dai kuɗinsu ya ninka na waɗancan sau da yawa. Wayar ta tashi daga na'ura zuwa na'ura kai tsaye. Bakin ya yi kama da na intanet, amma ba harshen intanet suke yi ba, don haka kada a bi da ita ta rauta ko suwic sai in takardar ta ce an yi ta don haka. Wayoyin USB 3 na faiba ma a yi hattara da su, wasu ba sa ɗaukar USB 2.0 sam, alhali shi akwatinki yake buƙata.

Tambaya: Lokacin tafsiri muna son kai hoton malam daga kyamara zuwa talabijin a sashen mata, nisan kusan mita 60. Mun jona wayoyin HDMI uku, hoto yana ɗaukewa. Da muka aro na'urar da ke bi ta wayar intanet, hoto ya tsaya, amma murya tana riga bakin malam. Daga kwamitin wani masallaci, Gusau.

Amsa: Allah ya saka wa kwamiti da alheri. HDMI zalla tana kai mita 10 zuwa 15 a hoton 1080p, a 4K kuwa da ƙyar ta wuce 5, kuma kowane mahaɗi da kuka sa a tsakani yana ƙara rage mata ƙarfi. A mita 60 hanya uku ce.

Wadda muka fi so ga masallaci ita ce SDI, abin da gidajen talabijin ke amfani da shi. Ana sayen ƙananan na'urori biyu, ɗaya HDMI zuwa SDI a wajen kyamara, ɗaya SDI zuwa HDMI a bayan talabijin. Blackmagic na yin su, akwai kuma wasu. Tsakaninsu wayar RG6 mai om 75 da kawunan BNC, su ma na om 75. Waya mai kyau tana kai 1080p mita 70 zuwa 100. Kan BNC murɗawa ake yi ya kulle, yaro ba zai fizge shi da ƙafa ba, kuma idan ya lalace mai haɗa dish zai iya sake shi da kayan matsewa. Sai dai kada a ɗauko kowace wayar dish, mai arahar tsakiyarta ƙarfe ne da aka shafa wa tagulla, ragarta kuma shara-shara. SDI ba ta wuce da hoton da aka kulle da HDCP, irin na dikoda, amma na kyamara ba shi da wannan kulli.

Ta biyu HDBaseT, tsarin da ke tura hoton HDMI a kan Cat6 guda ɗaya. Ajinta biyu: ƙaramin yana kai mita 70 a 1080p da 40 a 4K, babban yana kai 100. Ita ma ba a bi da ita ta suwic, kuma ba ta son a bar ragowar waya a naɗe, a yanke daidai. Ta uku wayar HDMI ta faiba. Tana aiki da kyau, amma tana da gaba da baya, an rubuta Source a kan da ke shiga kyamara, Display a na talabijin. Mutane kan gama binne ta a bututu sannan su gane sun juya ta. Idan kai ɗaya ya karye kuma, wayar duka ta tashi aiki.

Batun murya kuwa, na'urar da kuka aro tana matse hoton ne kafin ta tura, matsewar nan tana cin lokaci. Kyamara ta ci nata, talabijin ma ya ci nasa wajen gyara hoto. Ita murya ta bi wayar lasifika ta isa nan take. Ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya nuna mutum yana fara lura idan murya ta riga hoto da kusan milisakan 45, amma idan ita ce a baya sai ta kai wajen 125. Wato rigayen murya ya fi damun mai kallo.

SDI da HDBaseT ba sa ƙara jinkirin da za a lura da shi, don haka sauya na'urar zai rage yawancin matsalar. A sa talabijin a Game Mode. Abin da ya saura a gyara shi a miksa: a ware wa sashen mata nasa layin fita, a sa masa jinkiri shi kaɗai. Don a san adadin, wani ya tafa hannu a gaban kyamara da makirfo, wani ya ɗauki talabijin ɗin da waya, a ƙirga hotunan da ke tsakanin ƙarar da haɗuwar tafukan. A bidiyo mai hoto 30 a sakan, kowane hoto milisakan 33 ne. In miksar ba ta da jinkiri, a shigar da muryar cikin kyamara ta tafi tare da hoton, a ciro ta daga mafitar sautin talabijin zuwa amfilifaya.

Tambaya: Da zarar na jona majigi da kwamfuta sai lasifikoki su kama gurnani. In na zare HDMI ya ɗauke. Daga mai kula da sauti a wani zauren biki, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, majigin da miksar suna shan wuta daga soket daban-daban, wataƙila ma ɗaya a janareta ɗaya a inbata. Wayoyin ƙasansu ba su daidaita ba, sai ƙaramar wuta ta riƙa zagayawa ta rigar HDMI, ta ratsa kwamfuta, ta shiga miksa. Gurnanin da kake ji amon 50 Hz ne na wutar gari da 'ya'yansa. Fara da ba su wuta daga tushe ɗaya. In bai yiwu ba, sa akwatin DI mai taransifoma tsakanin kwamfuta da miksa, ka danna maɓallin ground lift da ke jikinsa, mai yanke ƙasa a layin sauti. Akwai na'urar raba USB da ake tallatawa don wannan, amma masu arahar a megabit 12 suka tsaya. Abin da ba ma yarda da shi ko kaɗan shi ne cire ƙafar ƙasa ta fulogi. Gurnani zai yi shiru, amma ranar da wuta ta zubo a jikin miksa, ta makirfon da ke hannun mutum za ta nemi hanya.

Tambaya: Akwatin sautina na Thunderbolt ne. Zan iya jan sa mita 20? Daga wani mai karatu, Kumasi.

Amsa: Da wayar tagulla a'a, iyakarta mita 2 zuwa 3. Akwai ta faiba, kamfanin Corning ya fitar da mai kai mita 50, amma ba ta ɗaukar wuta, sai akwatin yana da nasa adaftan.

Tambaya: Muna son haɗa zauren taro da ɗakin ɗaukar shirye-shirye da ke wani gini, mita 150, layukan sauti 24. Wace waya za mu saya? Daga ma'aikacin wata makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malam, a wannan nisa a manta da USB. Sautin zai bi hanyar sadarwa. Dante, tsarin tura sauti ta wayar intanet na kamfanin Audinate na Ostareliya, yana tafiya a kan suwic na gigabit na yau da kullum, kuma manhajar Dante Virtual Soundcard tana sa kwamfuta ta ɗauki layuka har 64 ta bakin intanet ɗinta. Layi ɗaya na bit 24 a 48 kHz bai wuce megabit 1.2 ba kafin a ƙara kayan ƙunshi, don haka 24 ba komai ba ne a gigabit. Tsarin tura sauti na AES50 da ke kan miksar Behringer X32 ba zai yi muku ba a nan, ba ya bi ta suwic kuma bai kai wannan nisan ba.

Tagulla iyakarta mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, kuma ko da ta kai, ba ma son tagulla tsakanin gini biyu saboda tsawar damina da bambancin wayar ƙasa. A sa suwic mai ramin SFP, inda ake jona faiba, a kowane gini, a ja faiba mai sulke a cikin bututu. A bar murfin roba a kan kawunan faibar har lokacin jonawa, ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta dusashe hasken.

A cikin ginin, Cat6 ɗin ta zama tagulla zalla. Kasuwa cike take da CCA, alminiyom da aka yi wa rigar tagulla, mai turjiya da saurin karyewa. Kankare sili ɗaya da reza a gaban mai shago, in fari ya bayyana a ciki a mayar masa. A matse kawunan biyu a tsarin jera silin na T568B, a nisanta wayar da ta wuta da kamar santimita 30, inda dole su haɗu kuma su gitta juna a miƙe maimakon su jera. A gwada dukan silin takwas da na'urar gwaji kafin a rufe bututun.