Dodon wa za ka saka a wasanka?

Tambaya: Ina da ƙaramar maɗaba'a a Jekadafari, cikin garin Gombe, ina buga katin biki da kalanda. Ƙanena da ke jami'a ya nuna mini wani wasa da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi, a jefa ɗan lido a ga ko an ci dodo. Ina son in buga irinsa da Hausa in sayar. Ya sauko mini da hotunan dodannin Dungeons & Dragons daga intanet. Zan iya amfani da su? Ni a sanina dodo ba shi da mai shi.

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya, amma hotunan nan kada ka kai su kan inji. Wasu dodannin na kowa ne, wasu kuwa suna da masu su, kuma masu su kamfani ne mai lauyoyi.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, ƙarƙashin kamfanin TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kamfanin Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Yawancin halittun wasan aro ne daga tatsuniyoyin al'ummomi: macijin nan mai fuka-fuki da ke hura wuta, da ƙattan Turai, har da aljani da ifiritu da gul da suka ɗauko daga Larabawa. Waɗannan babu wanda zai hana ka su. Amma akwai waɗanda a cikin wasan aka ƙirƙire su. Beholder, wata dunƙulalliyar halitta mai ƙaton ido ɗaya da ƙananan idanu a kan tsirai, Terry Kuntz ne ya ƙago ta, ta fito a 1975. Mind flayer mai shan ƙwaƙwalwa na Gygax ne. Irin waɗannan kamfanin ya keɓe su a matsayin tambarinsa, bai sake su ga kowa ba.

Su ma TSR ɗin sun taɓa ɗanɗana wannan. A 1977 masu riƙe da haƙƙin kasuwanci na labaran Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, suka taso musu, dole suka sauya sunaye: hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant. Idan kamfanin da ya kafa wasan ya janye, kai da jarinka na maɗaba'a ɗaya bai kamata ka gwada ba.

Za ka ce wa zai gan ka a Gombe. Gaskiya ne, kwafi ɗari biyu a babbar kasuwa da wuya labarinsu ya kai Amurka. Abin da ke damuna shi ne ranar da wasan ya karɓu. Ka saka shi a shagon intanet, Hausawan Ingila su fara nema, wata makaranta ta ce tana son kwali hamsin, sai takardar lauya ta iso a sauke kayan. Najeriya da Amurka duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, saboda haka zanensu yana da kariya a nan. A lokacin ka riga ka kashe kuɗin faranti da takarda, kuma sunan da mutane suka san ka da shi yana jingine da kayan wani.

Akwai ƙofar halas idan tsarin wasansu kake so. Tun 2000 kamfanin ke barin wasu su yi amfani da wani sashe na dokokin wasan, kuma a kan wannan izini kamfanin Paizo ya gina wasan Pathfinder a 2009. A Janairun 2023, bayan 'yan wasa sun yi ca a kan yunƙurin sauya izinin, Wizards ya saki kundin dokokin wasan mai suna SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da shi. Kana iya fassara abin da ke cikinsa zuwa Hausa ka sayar, muddin ka buga jimlar da ke nuna inda ka samo shi. Owlbear, wani dodo mai kan mujiya, yana ciki, bayanin beholder ba ya ciki, kuma babu zane ko ɗaya a kundin. Hotunan ƙanenka ba su shiga wannan izini ba.

Ni dai da za ka ji tawa, Dodo namu za ka kama. Yaron unguwar Pantami ya san Dodo, ya san Gizo da Ƙoƙi da Botorami, ya ji labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura. Ba sai ka ɓata shafi uku kana bayyana masa su ba, kuma uban da zai biya kuɗin ya fi sakin jiki da abin da kakarsa ta ba shi labari. Iskokin bori kuwa ka bar su, domin a kasuwarmu za su rage maka masu saye, haka kuma kada a sa kuɗi a wasan, kada ganin ɗan lido ya sa a kira shi caca.

Sai dai tatsuniya ma tana da doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare al'adun gargajiya, ta ɗora ikon ba da izinin kasuwanci da su a hannun hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC). Ta halatta marubuci ya ari tatsuniya ya gina sabon aikinsa bisa adalci, tare da ambaton al'ummar da ya ɗauko daga gare ta. Ka rubuta wa hukumar kafin bugu, ka ajiye amsarsu. Kuma ka bambanta tatsuniyar baka da rubutun marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, haƙƙin rubutu kuwa yana kai shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka jimlolinsa ba na ɗauka ba ne.

Inda na fi son ka kashe kuɗi shi ne wajen mai zane. Dodo na kowa ne, amma Dodon da aka zana maka, da siffarsa da ƙarfinsa da tarihin da ka ƙaga masa, shi ne kadarar. A nan 'yan kasuwarmu da yawa ke yin asara: su biya mai zane, su ɗauka zanen ya zama nasu. A doka haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya zana, kuma ba ya komawa wurinka sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ku rubuta, ku sa hannu a gaban shaidu, ko da mai zanen ƙanenka ne. Idan zai karɓi kaso a kan kowane kwali maimakon kuɗi a dunƙule, a faɗi kason a takardar.

Rajistar hukumar kamfanoni ta CAC sunan kasuwancinka kawai take tsarewa. Sunan wasan da tambarinsa sai ka kai su ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja, a rukuni na 28 na kayan wasa. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Kafin ka biya wannan, buga 'yan kwafi kaɗan da dodanni goma sha biyu, ka ba ƙanenka ya zauna da abokansa a jami'a su buga. Dodon da suka riƙa tambaya a sake fito da shi, shi za ka sa a bangon kwalin.