Kariyata ta zubar da ganye, ta mutu ke nan?

Hajiya, kin ce kin dasa kariya a tukunya a tsakar gida, ganyenta ya yi rawaya ya zube, kuma kullum kina ba ta ruwa safe da yamma. To, ruwan nan shi ne matsalar.

Kariya 'yar ƙasarmu ce. Kumburarren gindin nan nata rumbun ruwa ne, shi ya sa zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, ba ya yi mata komai. Zubar ganye lokacin hunturu kuwa ɗabi'arta ce, sau da yawa ma a tsirara take fid da furenta mai ruwan hoda.

Ki latsa gindin da ɗan yatsa. In da tauri, tana nan da ranta. In ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ki tuge ta, ki yanke ruɓar da wuƙa mai tsabta, ki shanya a inuwa kwana uku ko huɗu, sannan ki mayar cikin ƙasa mai yawan rairayi. Ni ma ruɓa ce ta sa na rasa kariyata ta farko, a wani Agusta, don tukunyar ba ta da huda a ƙasa.

Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Da damina ki ƙyale ta. Ki ajiye ta inda rana ke duka.

Amma fa ƙaronta guba ne, ki wanke hannu bayan yanka, ki nisanta ta da yara da awaki. In yaro ya tauna ta ko ƙaron ya shiga masa ido, a tafi asibiti nan take. In akuya ce, likitan dabbobi.